Sunan Baƙuwar Yaya

Litinin, da safe

Takarda ta biyu ta iso. Ma'ajiyar ƙananan ƙwayoyin halitta ta ƙasar waje ta ce Baƙuwa ta tashi a wurinsu, tana da rai, ba ta gauraya da komai ba. Ta farkon tun watan jiya ta zo. Sharaɗi ya cika ke nan: ƙwayar halitta ba ta samun suna sai an ajiye ta da rai a ma'ajiya biyu, a ƙasashe biyu, don mai shakka ya nema a ba shi ya duba da idonsa.

Na juya in gaya wa Yaya. Kujerarta tana nan a ɗakin gwaji, rigar aikinta a rataye, hannu ɗaya a naɗe yadda ta bar shi. Sai na gaya wa kwalaben da muke kiwon Baƙuwa a ciki.

Bari in rubuta, don daɗin rubutawa kawai. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya ni kuma ta jawo ni cikin wannan aiki, ita ta ɗebo wannan ƙwaya daga wani tafkin gishiri. Ido ba ya ganinta. A ruwan da gishiri zai kashe kowane mai rai take zaune lafiya lau, in sun yi yawa sai ruwan ya koma launin hoda. Duk duniya ba wanda ya taɓa bayyana irinta. Da yake ba ta da suna, Yaya ta ce a riƙa ce mata Baƙuwa. Yanzu saura mu aika wa mujalla bayaninta da sunan da muka zaɓa.

Rana ta bi ta cikin kwalaben, bango ya yi hoda har kan agogo. Na daɗe ina kallo.

Talata, da hantsi

Shugaban sashe ya leƙo. "Ina labarin yayarki Farfesa? Har yanzu hutun ne?"

Na ce tana hutawa. Haka Ango ya ce mu riƙa cewa.

Ango mijin Yaya ne. Tun ina yarinya nake kiransa haka don tsokana, ga shi yau furfura ta cinye masa kai, sunan bai sake shi ba.

Laraba, da yamma

Na je gidan Yaya. Ango ya manna 'yan takardu a jikin komai. Kofuna. Cokula. Banɗaki. Wannan ƙofar ba ta waje ba ce. Rubutun nasa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na gaya masa, ya ce in na fi shi iyawa ga biro nan.

Yaya tana zaune bakin taga tana ninke tawul. In ta gama sai ta warware ta sake.

"Sannu da zuwa, 'yan mata," ta ce. "Daga ina?"

Na ce daga wurin aiki. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ƙafar ta yi laushi, duk faso ɗin da gishiri ya yi mata ya warke. Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, kin rufe firiza da kyau? Na san halinki."

Na ce na rufe. Kai, daɗin da na ji! Ban taɓa zaton zan yi kewar faɗanta ba.

Na gaya mata takarda ta biyu ta iso. Ta ce madalla, Allah ya sa alheri, irin yadda ake ce wa maƙwabci ya yi sabon fenti.

Alhamis, bayan azahar

Editan mujalla ya amsa saƙona. Mutumin kirki ne, ya san Yaya tun suna matasa a wurin taro. Abu biyu ya faɗa.

Na farko, duk wanda sunansa zai hau saman bayanin dole ya karanta shi, ya yarda, ya sa hannu. In akwai wanda ba zai iya ba, za a bar sunansa, amma a rubuta layi ɗaya a ƙasan shafi a faɗi dalili.

Na biyu, ya ji ƙishin-ƙishin wasu masu bincike a can nesa suna da wata ƙwaya mai kama da tamu sosai. A wannan aiki sunan da ya fara fitowa shi ke zama, na baya ya bi iska. Ya ce in aiko kafin wata ya ƙare.

Layi ɗaya a ƙasan shafi. Wato kalmar nan da likita ya faɗa, wadda ni ko a nan ban rubuta ba, a buga ta duniya ta karanta a ƙarƙashin sunan Yaya.

Na rufe kwamfuta na je na wanke kwalabe, har waɗanda aka riga aka wanke.

Juma'a, da safe

Injin girgiza kwalabe yana ta ƙararsa, shuu, shuu. Ban taɓa komai ba.

Asabar, da hantsi

Ba kowa a ginin. Na fi son haka.

Na sake bin bayanin daga farko. Siffarta: falle-falle, wasu kamar ɓallin tukunya. Launinta a farantin gwaji. Ƙarancin gishirin da za ta iya rayuwa a ciki, da wanda ta fi so, da wanda ya fi ƙarfinta. Zafin da take so. Abin da take ci da wanda take ƙi. Bambancin gadon halittarta da na danginta mafi kusa. Duk layin da na karanta sai in ji muryar Yaya tana cewa, "Sake. Sau ɗaya ba gwaji ba ne, tsautsayi ne."

Na ɗiga digo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Suna yawo a hankali, suna juyi, ba inda za su. Gefen digon ya fara bushewa, gishiri yana fitowa, 'yan ɗakuna masu kusurwa huɗu, ɗaya a kan ɗaya. Na ga wasu sun shige ciki an rufe da su. Yaya ta ce a haka suna iya daɗewa ba su mutu ba, suna jiran ruwa. Ban san tsawon lokacin da na yi idona a madubin ba, sai da wuyana ya ƙage.

A nan tunanin ya zo mini.

Sunan kowace ƙwaya kalma biyu ne da Latin: ta farko ta dangi, ta biyu tata ta kanta. Yaya ta zaɓi ta biyun tun tuni, wata kalma mai nufin "mai launin hoda". Amma an yarda a sa sunan mutum, a ƙara masa wutsiyar Latin. Kuma ga abin da ya hana ni tashi daga kujera: masu rarraba dangi ba sa zama wuri ɗaya, yau su ce ƙwaya 'yar wannan gida ce, gobe su kwashe ta su kai wani. Kalmar farko tana canjawa. Ta biyun kuwa tana bin ta duk inda aka kai ta.

Sai dai masu wannan aiki ba sa raɗa wa ƙwaya sunan wanda ke cikin marubutan bayanin. Abin kunya ne, mujalla ma ba za ta karɓa ba. To, ko dai sunan Yaya a saman takarda, ko a jikin Baƙuwa. Ba za a haɗa biyun ba.

In na sa mata sunan, dole in goge Yaya daga aikin da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai. Ni ce zan koma ta farko.

Lahadi, da la'asar

Na gaya wa Ango a kicin, yana yanka albasa. Ya ajiye wuƙar.

"Ki cire ta?"

Na sake bayani, a hankali.

"Na ji, ba kurma ba ne ni. Ki cire ta. Ke. Sai sunan wa zai hau sama?"

Bai jira amsata ba.

"Auta, ni na riƙa kai mata abinci ɗakin gwajin nan tana kwana a kan benci. Yara sun tashi sun fi sanin warin kwalaben nan da warin turarenta. Yau ta kwanta, shi ne za a ce ba ta cikin masu aikin?"

Na ce to sai dai a sa layin nan a ƙasan shafi. Ya ce ba mai buga wa duniya ciwon matarsa yana da rai. Na ce to ya zaɓa mini, tunda ya fi ni sonta. Wallahi ban so na faɗi haka ba, amma raina ya riga ya ɓaci.

"Sa hannu ne matsalar?" ya ce. "Kawo."

Ya zaro takardar sa hannun daga jakata, ya tafi falo, ya durƙusa gabanta. "Hajiyata, ɗan sa mana hannu a nan." Ta karɓi biro, ta gyara zama, ta ja dogon layin nan nata mai lanƙwasa a ƙarshe. Tsaf, babu ko karkarwa. Ta miƙa masa tana murmushi, ta ce, "Na makarantar yara ne?"

Ya ce e. Bai dube ni ba da ya miƙo mini. Idonsa ya yi ja, ya ce albasa ce.

Litinin, da sassafe

Na yi mafarki. Ɗakin gwaji ya cika da ruwa har gwiwa, ruwan hoda mai ɗumi. Kujeru suna yawo a kai. Yaya tana gaba tana tafiya, ina bin ta da kwalba a hannu, ina kira ba ta juyowa. Ba tsoro na ji ba. Ruwan yana da daɗi a ƙafa. Duk abin da muka wuce sai gishiri ya rufe shi fari fat, agogo, famfo, takalmana. Na farka bakina da ɗanɗanon gishiri.

Takardar tana cikin jaka.

Talata, da rana

Tana cikin jaka. Edita ba zai taɓa sani ba. Sa hannun nata ne, ba wanda ya kwaikwaya.

Laraba, da yamma

Na ce bari in yi abin da ya dace: in karanta mata. In ta ji ta yarda, shi ke nan, sa hannun ya halatta.

Na zauna na fara. Da na zo kan siffa sai ta ɗaga hannu.

"Kin gwada ta a ruwa zalla?"

Na ɗago daga takardar. Na ce na gwada, Yaya.

"Ta fashe?"

"Nan take."

"Yawwa. Irinsu haka suke. Ka raba su da gishiri, sai su tarwatse. Ki rubuta, kar ki ce kowa ya sani."

Na ce a raina ta dawo, wallahi ta dawo. Na ci gaba da sauri kamar mai gudun ruwan sama. Na gama sashen zafi, na shiga na abinci. Ta ɗaga hannu.

"Kin gwada ta a ruwa zalla?"

Na ce na gwada. Ta ce ta fashe? Na ce nan take. Ta ce yawwa.

Da ta tambaya karo na gaba, Ango ne ya amsa daga bakin ƙofa, "Ta fashe, Hajiyata, nan take."

Na kai ƙarshe duk da haka. Na ce, "Yaya, kin yarda a buga?"

Ta dube ni da fara'a, ta ce, "A buga me, 'yan mata?"

Alhamis, da hantsi

Na goge sunanta a kwamfuta don in ga yadda shafin zai zama. Nawa ya matso sama shi kaɗai.

Na ji daɗi. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina, na ɗan lokaci. Tun da na shigo aikin nan a bayanta nake, a takarda da a taro da a bakin mutane: ƙanwar Farfesa. Sai kuma kunya ta rufe ni, na mayar da sunan da sauri kamar wani na leƙe.

To yanzu ta yaya zan san don wa nake so in yi? Don ita, ko don wannan ɗan daɗin? Haushinta ma nake ji. Ita ce mai yanke irin wannan magana da kalma ɗaya, ta tafi ta bar ni da ita. Ga ta nan zaune bakin taga, kuma ta tafi.

Juma'a, da yamma

Gishiri ya fito a wuyan babbar kwalba, kamar sarƙa. Ban goge ba.

Asabar, da la'asar

Hadari ya haɗu bai zubar ba. Na zauna ban kunna fitila ba. Kwalaben sun yi duhu, launin ya koma kamar na tsohon bulo. Na riƙa faɗin sunan Yaya a bakina, da wutsiyarsa ta Latin, a hankali. Da farko ya yi mini nauyi a harshe. Can sai ya zauna.

Wani ɗalibi a wata ƙasa, wanda ba a ma haife shi ba tukuna, zai buɗe firiza ya ciro 'yar kwalba, ya karanta, ya faɗe shi a karkace. Malaminsa ya gyara masa, shi ma a karkace.

Litinin, bayan azahar

Ango ya zo ɗakin gwaji. Rabonsa da nan tun yara suna ƙanana. Ya bar Yaya da maƙwabciya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar iska.

"Warin nan bai canja ba."

Na ce shi ma bai canja ba, har yanzu ba ya sallama. Ya yi 'yar dariya. Na ba shi kujera, ya ƙi ta Yaya, ya zauna a kan benci.

Na buɗe firiza na ciro masa 'yan kwalaben da muke kwatanta Baƙuwa da su, danginta da aka riga aka raɗa wa suna. Na karanta masa ɗaya. Na ce wannan sunan wata mata ne, wadda ta rasu tun kafin a haife ni.

"Wa ya rubuta bayanin?"

Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Ni da nake faɗin sunan nan kusan kullum. Na ce sai na duba.

Ya jujjuya kwalbar a hannunsa har sanyi ya sa ya ajiye.

"Mutane za su ce kin ci amanarta."

"Za su ce."

"Ni ma wata rana in raina ya ɓaci zan ce."

"Na sani."

"Kuma ba za ki iya gaya musu dalili ba, don na hana."

Na ce na sani, Ango.

Ya miƙo hannu. "Ba ni takardar nan." Na ciro na ba shi. Ya daɗe yana kallon sa hannun, ya ninke ya sa a aljihun gaba. "Ƙarya na yi mata ranar nan. Ban taɓa yi mata ba sai a kan wannan. Ba zan bari a buga ta ba." Ya miƙe. "Ban ce na yarda da naki ba. Ki yi abin da za ki iya kallon idonta bayan kin yi."

Ya manta hularsa a kan benci.

Talata, da safe

Na aika. Sunana shi kaɗai a sama. Nata a jikin Baƙuwa.

Alhamis, da rana

Labari ya zaga. Shugaban sashe ya gan ni a matakala, ya ce, "Ashe an zama manya." Matar ɗakin gwajin da ke kusa da namu, wadda kullum muke shan shayi tare, yau ta ce tana da aiki. Na sha nawa a tsaye. Ya yi mini ciwo, ba kaɗan ba.

Edita ya rubuto. Ya ce wutsiyar Latin ɗin ta zauna daidai, bayanin ya shiga layi, mun riga waɗancan. A ƙarshe ya ce, "Na gane." 

Asabar, da yamma

Na zuba Baƙuwa a 'yar kwalba, na toshe, na naɗe a gyale na tafi da ita. Ango ya buɗe mini ƙofa, ya ga abin da ke hannuna, ya koma kicin ya ja ƙofar.

Yau tana cikin walwala. Na ɗora kwalbar a kan taga. Ta ɗauka ta ɗaga wa haske, ta girgiza ta sau biyu da wuyan hannu, yadda ba wanda ya iya sai wanda ya daɗe yana yi.

"Kai, wannan ta yi kyau. Mene ne sunanta?"

Na faɗa mata. Kalma biyun, a hankali.

Ta maimaita ta biyun. Ta sake. "Sunan mutum ne wannan."

Na ce e.

"Wace ce?"

Na ce wata mata ce. Ita ta gano ta. Kowa ya ce babu komai a tafkin nan sai gishiri, ta cire takalmi ta shiga. Sau da yawa abin yana mutuwa a hannunta, tana komawa. Masifaffiya ce, ba ta yarda da gwaji ɗaya. Ta yi rainon wata ƙanwarta mai taurin kai har ta zama mutum.

Tana ji tana gyaɗa kai. "Lalle ta yi aiki. Ta cancanta." Ta jujjuya kwalbar. "Ta rasu ne?"

"Tana nan da ranta."

"To ba ta cikin marubuta dai ko? Don ba a haɗawa."

"Ba ta ciki."

"Yawwa. An yi daidai." Ta miƙo mini kwalbar da hannu biyu, ta rufe yatsuna a kanta. "Riƙe da kyau, 'yan mata, kar ki yar wa baiwar Allah da abinta. In kin gan ta ki gaishe min da ita."

Na ce za ta ji.